HAIKALIN JAGANNAT NA BIRNIN PURI: Inda Sarki Ke Riƙe Tsintsiya

A cikin shekarar 1984, Firayim Ministar Indiya ta wancan zamani, Uwargida Indira Gandhi, ta so shiga haikalin Jagannat da ke birnin Puri don yin ibada, amma masu hidimar wurin suka ce ba ta da hanya. Dalilinsu shi ne, ko da yake ita haifaffiyar gidan Hindu ce, mijin da ta aura, Feroze Gandhi, ɗan ƙabilar Farsi ne mabiya addinin Zorosta, saboda haka a wurinsu ta fita daga cikin waɗanda aka yarje wa taka wannan dandali. Matar da ke juya ƙasa mai mutane fiye da miliyan 700 ba ta sami abin da talakan ƙauye mai ɗan bante yake samu kullum ba.

A wannan gari dai, kowace shekara, sarkin Puri yakan fito cikin fararen kaya, ya karɓi tsintsiya mai mariƙin zinariya, ya sunkuya yana shara a gaban taron da ido ba ya iya ganin ƙarshensa. Wanda ke son ya gane yadda aka yi waɗannan abubuwa biyu suka haɗu a wuri guda, sai ya koma baya wajen shekara 900.

Birnin Puri yana bakin Tekun Bangal, a gabashin Indiya, cikin jihar da aka sani da Orissa, wadda aka mayar da sunanta Odisha a 1911 da ɗari, watau a shekarar 2011. Mabiya addinin Hindu suna da wurare huɗu, ɗaya a kowace kusurwar ƙasar, waɗanda kowane mai hali yake fatan ya ziyarta kafin ya mutu: Badrinat a arewa cikin duwatsun Himalaya, Duwarka a yamma, Rameswaram a kudu, sa'an nan Puri a gabas. Ma'anar kalmar Jagannat a harshen Sanskirit ita ce mai mulkin duniya, kuma masu bautarsa suna ɗaukarsa wata siffa ce ta Bishnu, ko kuwa Kirishna, wanda masu kallon finafinan Indiya a ƙasar nan suka sha ganin hotonsa riƙe da sarewa.

GININ DA SARAKUNA SUKA BARI

Wanda ya kafa harsashin ginin da ke tsaye a yau shi ne Sarki Anantabarman Codaganga, na daular Ganga ta Gabas, a cikin ƙarni na 12, bayan ya ci ƙasar da yaƙi daga kudu. Baƙo ne a wurin, kuma ya gane cewa takobi kaɗai ba zai zaunar masa da ƙasa ba, sai ya rungumi abin da mutanen ƙasar suke girmamawa, ya gina masa ɗakin da ba a taɓa ganin irinsa a nahiyar ba. Hasumiyar haikalin ta kai tsawon ƙafa 214, duk da dutse. A ƙololuwarta akwai wani ƙaton zobe mai siffar wili, wanda aka ƙera da ƙarafa iri takwas, da tuta a bisansa. Kowace rana wani daga gidan da suka gaji aikin yakan hau bangon nan da hannu da ƙafa, ba tsani ba igiya, ya sauya tutar. An daɗe hasumiyar tana shafe da farar ƙasa mai kauri, har matuƙan jiragen ruwa na Turawa suka mai da ita alamar gane hanya. A 1975 ne hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya ta soma kankare wannan shafe, sai ga sassaƙe-sassaƙen da suka yi ɗaruruwan shekaru a ɓoye sun bayyana.

Ganuwa biyu suka kewaye haikalin, ta waje tana da tsawon kamar ƙafa 20, da ƙofofi huɗu: ta Zaki a gabas, wadda ita ce babba, ta Doki a kudu, ta Damisa a yamma, ta Giwa a arewa. Daga Ƙofar Zaki mai ziyara yakan hau matakala 22 kafin ya isa cikin farfajiya.

A wajen shekarar 1230 wani jikan wannan gida, Anangabima na Uku, ya yi abin da ya canja tarihin ƙasar. Ya sanar cewa daga ranar ƙasar ba tasa ba ce, ta abin bautar da ke Puri ce, shi kuwa wakili ne kawai. A ido wannan ƙasƙantar da kai ne, amma wanda ya san siyasar sarauta zai ga wayon da ke ciki, domin daga nan duk hakimin da ya yi wa sarki tawaye, ba sarki ya saɓa wa ba, abin bautar ƙasa ya saɓa wa. Sarakunan da suka biyo baya, masu laƙabin Gajapati, watau mai giwaye, sun riƙe wannan dabara kam-kam. Daga nan ne sharar nan ta samo asali. Sarautar ta rasa ƙasa da dakaru tun da daɗewa, amma Gajapati Dibyasinga Deb, wanda ya gaji gidan a 1970, ya ci gaba da ɗaukar tsintsiyar a matsayin babban bara na haikalin.

GUMAKAN ICE

Abin da ya bambanta Puri da sauran manyan haikalan Indiya shi ne gumakanta. A sauran wurare da dutse ko tagulla ake yin su, a ƙawata su da siffar mutum cikakkiya. A nan kuwa da ice aka sassaƙa su, kuma ba kowane ice ba, sai dogon yaro, wannan bishiya da ke inuwantar da titunan Maiduguri da Kano da Sakkwato, wadda asalinta daga can nahiyar Indiya aka kawo ta. Su uku ne a jere: Jagannat baƙi ne mai manyan idanu kewayayyu, wansa Balabadara fari ne, ƙanwarsu Subadara kuwa rawaya ce. Ba su da ƙafafu, hannayen mazan dungulmi ne, macen ma ba ta da hannu ko kaɗan. Tare da su akwai wani ginshiƙin ice da ake kira Sudarshana.

Mutanen ƙasar suna da labarin da suke bayarwa game da wannan rashin cika. Wai a zamanin da, wani sarki mai suna Indradyumna ya sami labarin wani abin bauta da shugaban ƙabilar Sabara, mazauna daji, yake ɓoyewa a kogo. Ya aika manzo, manzon ya auri 'yar shugaban, ya yi dabara ya gano wurin, amma kafin sarki ya iso abin ya ɓace. Daga baya wai teku ta turo wani gungumen ice bakin gaɓa, wani tsohon masassaƙi ya zo ya ce zai yi aikin, bisa sharaɗin a rufe shi a ɗaki kwana 21 kada kowa ya leƙa. Da kwanaki suka ja, aka daina jin ƙarar gizago, sai hankalin matar sarki ya tashi, ta matsa aka buɗe ƙofa. Masassaƙi ya ɓace, aiki ya tsaya inda ya tsaya.

Wannan dai labarin baka ne. Amma masana tarihi da dama suna ganin akwai ƙwayar gaskiya a cikinsa, watau asalin Jagannat abin bautar ƙabilun daji ne waɗanda suke girmama ginshiƙan ice, sa'an nan addinin Hindu ya shigar da shi cikin nasa tsari. Babbar shaidarsu ita ce wani rukuni na masu hidima da ake kira Daita, waɗanda ake ɗauka zuriyar Sabara ne. Su ba 'yan ajin Brahmin ba ne, watau ajin malaman addini da ya fi kowane daraja, amma a lokutan da suka fi kowane tsarki su ke riƙe da gumakan, kuma suna kiran kansu dangin Jagannat na jini.

Ice kuwa yakan tsufa. Saboda haka duk shekarar da watan Ashada ya zo sau biyu a lissafin kalandarsu, abin da kan faru bayan shekara 8 ko 12 ko 19, sai a sake wa gumakan jiki. An yi wannan a 1969, da 1977, da 1996, da 2015. Ayarin masu neman ice yakan tashi zuwa garin Kakatpur, su kwana a haikalin Mangala suna jiran a nuna musu hanya a mafarki. Bishiyar da ake nema sai ta cika sharuɗɗa masu wuya: a sami wasu alamu a jikin ɓawonta, ta kasance kusa da ruwa da wurin ƙona gawa, da suri a gindinta, kuma ba tsuntsun da ya yi sheƙa a kanta. In an sare ta, da amalanken ice ake jawo ta da hannu har Puri, a sassaƙa ta a ɓoye.

A daren da za a kammala, ana kashe fitilun gari. Wasu dattawan Daita, an ɗaure musu idanu, an naɗe musu hannaye da ƙyalle, sukan ciro wani abu da ke cikin ƙirjin tsohon gunki su sa a cikin sabo. Wannan abu suke kira Brahma, kuma shi ne a wurinsu ran gunkin. Tsofaffin jikunan sai a binne su a wani lambu cikin harabar haikalin, Daita kuma su zauna makoki kamar an yi musu rasuwa a gida, su yi aski a rana ta goma. A 2015 aikin da ya kamata a gama cikin duhu ya ja har rana ta take saboda saɓani tsakanin masu hidimar, abin ya zama abin faɗa a jihar duka, har aka dakatar da wasu daga cikinsu.

SHEKARUN ƁOYO

Wurin da dukiya ta taru, kuma sarauta ta jingina da shi, ba ya rasa maƙiya. Mafi muni a tunanin mutanen Odisha shi ne abin da ya faru a 1568, lokacin da Sarkin Bangal Sulaiman Karrani ya ci ƙasar, aka kashe sarkinta Mukunda Deba. Sarkin yaƙinsa, wanda ake wa laƙabi da Kalapahar, watau baƙin dutse, ya gano inda aka ɓoye gumakan, ya kwashe su ya sa musu wuta. Labarin da haikalin ya adana ya ce wani mai suna Bisar Mohanti ya bi sawun rundunar, ya tsamo Brahma daga abin da wuta ta rage, ya ɓoye shi a wani ƙauye. Bayan 'yan shekaru Ramacandara Deba, wanda ya kafa sabuwar sarauta a Kurda, ya sa aka sassaƙa sababbin gumaka. A 1592 Raja Man Singh, sarkin yaƙin Sarki Akbar na daular Mogul, wanda shi kansa Bahinde ne, ya tabbatar masa da sarauta da riƙon haikalin.

Bayan wannan ma an sha gudu da gumakan. In labarin hari ya iso, sai a ɗora su a amalanke ko kwalekwale a nufi tsibiran tafkin Cilika ko dazuzzukan kudu. Ba kullum ne addini yake haddasa rikicin ba. Harajin da ake karɓa daga masu ziyara kuɗi ne masu yawa, kuma gwamnonin Mogul sun gane cewa in gumaka ba sa nan, maziyarta ba sa zuwa, baitulmali kuma sai ya rame. Don haka wani gwamna ya kai hari, wanda ya gaje shi ya nemi a dawo da su.

Maratawa suka karɓi ƙasar a 1751, Turawan Kamfanin Gabashin Indiya kuma suka ƙwace ta daga hannunsu a 1803. Su ma ba su raina harajin ba, suka ci gaba da karɓa. Wannan ya tayar da ƙura a Ingila, inda 'yan mishan suka ce gwamnatin Kirista tana cin ribar bautar gumaka. Wani limamin coci, Claudius Buchanan, ya halarci bikin a 1806, ya rubuta labarin mutanen da suke jefa kansu ƙarƙashin ƙafafun karusa. Irin wannan ya faru, amma jami'an Turawa da suka zauna a wurin daga baya sun nuna cewa jefi-jefi ne, an kuwa zuzuta shi ƙwarai. Abin da ya fi kashe maziyarta a wancan zamani shi ne cutar amai da gudawa da wahalar tafiyar ƙasa, kafin jirgin ƙasa ya iso Puri a 1897. Duk da haka sunan ya riga ya ɓaci, har Ingilishi ya sami wata kalma daga sunan Jagannat mai nufin abin da ke murƙushe duk abin da ya tare masa hanya. An soke harajin a 1840. Bayan samun mulkin kai, wata doka ta 1955 ta mayar da gudanar da haikalin hannun wani kwamiti a ƙarƙashin gwamnatin jiha, da Gajapati a matsayin shugaba.

RANAR FITA

Masu hidimar Puri suna bi da gumakan kamar masu rai. Ana tashinsu da asuba, a goge musu haƙora, a yi musu wanka ta madubi, a sauya musu tufafi, a ciyar da su sau da dama, da dare a rera musu waƙa su yi barci. Ayyukan nan gado ne, a al'ada an kasa su gida 36. Ɗakin girkin haikalin yana cikin mafi girma a duniya. Da itace ake dafuwa, cikin tukwanen ƙasa sababbi da ba a sake amfani da su, a jera su wata bisa wata a kan murhu. Nau'in abincin ya kai 56. In an gabatar da shi ga gumaka sai a fito da shi wata kasuwa da ke cikin haraba, inda aka yarda cewa ɗan babban aji da ɗan ƙaramin aji suna iya ci daga tukunya guda, abin da ba ƙarami ba ne a ƙasar da ake gadon ƙyamar juna.

A daren da wata ya cika, wajen watan Yuni, ana fito da gumakan a yi musu wanka da tulu 108. Daga nan sai a ce zazzaɓi ya kama su, a killace su mako biyu, Daita na jinyarsu da saiwoyi da 'ya'yan itace. A wannan lokaci ne ake sabunta fentin da ruwa ya wanke. In sun warke sai babban biki, Rata Yatara, watau tafiyar karusa.

Karusan uku ne, kowace shekara kuma sababbi ake yi. Masassaƙa na gado suna aikinsu kusan wata biyu a bakin titi, ba zane a takarda, sai awon hannu da suka koya daga iyaye. Ta Jagannat tana da ƙafa 16, tsawonta wajen ƙafa 45 na awo, an lulluɓe ta da ja da rawaya. Ta Balabadara ƙafa 14, ja da kore. Ta Subadara ƙafa 12, ja da baƙi. Bayan an ɗora gumakan, sarki ya share dandamalin kowace karusa ya yayyafa ruwan sandal, sai dubban mutane su kama igiyoyin zaren kwakwa su ja, tafiyar kusan mil biyu zuwa haikalin Gundica. A rana ta tara ake komowa.

Akwai wani ɓangare na bikin da matan gari suka fi so. Lakshmi, matar Jagannat, ba a tafiya da ita. A rana ta biyar sai a ɗauko ta cikin dare zuwa Gundica, a fusace, barorinta su ɓalle wani ɗan ice daga karusar mijin, ta koma ta wata hanya. Ran da ya dawo ta sa a rufe masa ƙofa, mawaƙan ɓangarorin biyu su yi ta cacar baki, sai ya ba ta wata alewar madara da ake kira rasagola kafin ta huce a buɗe masa.

Taron yakan kai dubban ɗaruruwa, kuma ba kullum yake ƙarewa lafiya ba. A 2020, saboda annobar korona, Kotun Ƙolin Indiya ta hana bikin ran 18 ga Yuni, sa'an nan ta sake shawara bayan kwana huɗu, ta yarda a yi ba tare da 'yan kallo ba. Ran Lahadi 29 ga Yuni, 2025, mutum uku suka mutu a turmutsitsi kusa da Gundica.

MAKULLIN DA YA ƁACE

A cikin haikalin akwai taskar da sarakuna da attajirai suka yi ƙarnuka suna zuba wa kyautai. Ƙidayar da aka yi a 1978 ta nuna zinariya fiye da kilo 100 da azurfa fiye da kilo 200. Ran 4 ga Afrilu, 2018, bisa umurnin Babbar Kotun jihar, wata tawaga ta je duba lafiyar ginin, amma ba ta shiga ɗakin ciki ba, daga baya aka bayyana cewa makullinsa ba a san inda yake ba. Gwamnati ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin wani alƙali mai ritaya, amma shekaru suka wuce ba a fitar da rahotonta ba. A zaɓen 2024 'yan hamayya suka mayar da makullin nan taken yaƙin neman zaɓe, kuma Naveen Patnaik, wanda ya yi shekara 24 yana mulkin jihar, ya sha kaye. Ba makulli kaɗai ya kayar da shi ba, amma sabuwar gwamnati ta nuna ta san nauyin maganar, domin ran Lahadi 14 ga Yuli na shekarar aka fasa kwaɗunan aka shiga.

WA ZAI SHIGA?

Maganar ƙofa ita ce ta fi daɗewa. Mahatma Gandhi ya ƙi shiga haikalin muddin ana hana waɗanda ake kira marasa taɓuwa, kuma a 1938, da ya ji matarsa Kasturba ta shiga, ransa ya ɓaci har jininsa ya hau. Doka ta buɗe wa waɗannan talakawa ƙofa daga baya, amma wanda ba Bahinde ba har yanzu a waje yake tsayawa. A 2005 an hana Gimbiya Sirindhorn ta ƙasar Tailan, mabiyiyar addinin Buda. Turawan da suka karɓi addinin Kirishna ma haka. Masu hidima suna kafa hujja da hare-haren da wurin ya sha. Masu suka kuwa suna tambaya, ta yaya mai sunan mai mulkin duniya zai zama na wasu ban da wasu? Amsar da mutanen Puri suke bayarwa ita ce, ai don haka yake fitowa titi kowace shekara, inda kowa ke iya ganinsa ya kuma kama igiya.

A kan wannan titi akwai kabarin wani mawaƙi na ƙarni na 17 mai suna Salabega. Ubansa Lalbeg jami'in daular Mogul ne, Musulmi, uwarsa kuwa Bahindiya ce 'yar ajin Brahmin. Ya tsara wa Jagannat waƙoƙi cikin harshen Odiya waɗanda har gobe ake rerawa, amma saboda ubansa bai taɓa samun shiga haikalin ba. Mutanen gari suna cewa wata shekara ya makara a hanya yana dawowa daga tafiya, karusa ta kafe ta ƙi motsi sai da ya iso. Kowace shekara masu jan karusar Jagannat sukan sassauta igiya in sun zo daidai kabarin, a tsaya ɗan lokaci, sa'an nan a wuce zuwa Gundica.